Sharhi kan wani shagon katako a Birnin Kebbi: ajiya, gizo-gizo da hannun 'yan dako

A cikin rumfunan 'yan katako na Birnin Kebbi akwai wani shago da nake sayen kayan rufi a wurinsa tun lokacin da 'yan'uwa mazauna Abuja da Legas suka fara ɗora mini kula da gine-ginensu na gida. Kuɗin kayansa yakan ɗara na maƙwabtansa kaɗan, kuma mai shagon, wani dattijo da kowa ke kira Alhaji, ba ya son doguwar ciniki, amma duk da haka ina komawa, saboda yadda yake ajiye katako ya bambanta da abin da aka saba gani a kasuwar. Ba zan ambaci sunansa ba, domin abin da zan faɗa ya haɗa da yabo da suka, kuma sukar ta shafi kusan duk masu wannan sana'a. Abin da ya fi jan hankalina a wurin shi ne wani al'amari da masu saye ba su cika tambaya a kansa ba, wato irin halittun da ke zaune a tsakanin katakon da ya daɗe a jibge, da kuma halin da wanda zai fara cusa hannu ya ɗago shi yake shiga.

Yawancin kayan shagon daga Kudu suke zuwa, daga injinan yanka katako na jihohin Ondo da Edo da Ogun da Ekiti. Tirela takan biyo ta Ilori, ta ƙetare kogin Kwara a Jebba, ta ratsa Kontagora da Yawuri da Koko da Jega, sannan ta shigo gari ta Kalgo, kuma kowane kuɗin da aka kashe a wannan doguwar hanya yana komawa ne kan mai saye. Akwai farin katako irin su obeche da afara da malaina, wanda aka fi amfani da shi wajen rufi da silin saboda rashin nauyi da sauƙin shan ƙusa, akwai kuma jan katako irin su iroko da mahogani na ƙofofi da tagogi da kujeru. Ana samun tu-bai-tu da tu-bai-tiri da tu-bai-fo da tu-bai-sikis da falanki, galibi masu tsawon ƙafa 12. Alhaji yana ware kowane iri da kowane awo a jerinsa, yana barin kafinta ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya ba tare da tsaye masa a kai ba, kuma idan kaya ɗanye ne da aka sauke kwanan nan yakan faɗa tun kafin a tambaye shi. Aibin da ke nan shi ne na kasuwar gaba ɗaya: idan aka ɗora tef a kan abin da ake kira tu-bai-fo, da wuya kaurinsa ya cika inci 2 ko faɗinsa ya cika inci 4, don haka wanda zai yi rufi mai faɗi ya kamata ya je da kafintansa da tef ɗinsa.

Inda shagon ya yi wa saura nisa shi ne wajen ajiya. Babu katako ko ɗaya da ke kwance a ƙasa. An jera bulo, an gitta manyan katakai a kai, sannan aka ɗora kaya, ta yadda akwai tazarar da tsintsiya za ta shiga ƙarƙashi, mutum kuma zai iya durƙusawa ya hango hasken ɗaya gefen. A tsakanin kowane layi da na samansa an saka 'yan siraran guntaye domin iska ta ratsa, an bar hanya tsakanin jeri da bango, kuma ana kwashe garin katako daga bakin injin gogewa kullum da yamma a sayar wa masu kiwon kaji. Alhaji yana yin wannan ne domin dukiyarsa, saboda katakon da iska ke ratsawa yana bushewa a miƙe, ba ya kantarewa, ba ya yin baƙin danshi, kuma idan gara ta fara gina hanyarta a jikin bulo za a gan ta kafin ta kai ga kaya. Sai dai wannan tsari yana da wata fa'ida ta biyu da ta shafi lafiyar mutane. Gizo-gizo da kunama suna neman wuri ne mai duhu, matsattse, wanda ba a motsa shi, kuma akwai ƙananan ƙwari da za su ci. Tarin katakon da aka zube a ƙasa aka jingina da bango, garin katako da ledoji suka taru a gindinsa, ya cika duk waɗannan sharuɗɗa, kuma haka akasarin rumfunan da ke kewaye da shagon suke. Wanda aka ɗaga sama, haske da iska da tsintsiya suke ratsa shi, ba ya ba su natsuwar zama.

Duk da haka shagon bai kuɓuta gaba ɗaya ba, kuma a jerin jan katako na gane hakan. Iroko da mahogani suna da tsada, ba sa fita da sauri, don haka jerinsu na can ƙurya yakan yi watanni ba a taɓa shi ba. Wata rana muna zaɓen katakon ƙofa, babban yaron shagon ya dakatar da kafintana da ya kai hannu ƙarƙashin wani falanki, ya ɗauko sanda ya ɗaga shi, ya nuna mana wata yana mai cukurkuɗewa, marar tsari, da ta kama kusurwar da guntun katako ya haɗu da falankin. A cikinta akwai wasu 'yan ƙulli-ƙulli masu launin madara, kowane bai kai girman gujiya ba, jikinsu duk tsini-tsini kamar ƙarangiya. Da ya taɓa yanar da sandar, sai wata ƙaramar gizo-gizo mai ƙundumemen ciki ta dunƙule ƙafafunta ta faɗo ƙasa, ta kwanta ba motsi. Ya juya ta, muka ga alama ruwan lemo a ƙarƙashin cikinta, mai faɗi sama da ƙasa, tsukakkiya a tsakiya. Ya murtsuke ta da takalmi, ya bi ƙullin ƙwan ɗaya bayan ɗaya ya murƙushe.

Wannan ita ce wadda masana ke kira Latrodectus geometricus, 'yar'uwar baƙar gizo-gizon nan da ta yi suna a Amurka, kuma tana yaɗuwa a sassan Afirka da dama da sauran ƙasashe masu zafi. Jikin macen bai cika wuce santimita 1 ba idan aka cire ƙafafu, launinta daga ruwan ƙasa mai haske zuwa mai duhu, ƙafafunta kuma masu zobe-zobe. Namijin ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma macen ce ke da cizon da ake jin tsoro. Kowane ƙulli guda yana iya ɗaukar ƙwai sama da 100, su ƙyanƙyashe cikin kimanin mako 3, shi ya sa murƙushe ƙullin ya fi kashe uwar muhimmanci. Ba ta da faɗa, ba ta bin mutum, kuma abin da muka gani na dunƙulewa da kwanciya kamar matacciya shi ne ɗabi'arta idan aka dame ta. Tana cizo ne idan aka matse ta a jikin fata, kuma daidai wannan ne ke faruwa idan ɗan dako ya zura yatsu ƙarƙashin falanki ba tare da dubawa ba, ko ya ɗora katako a kan kafaɗa tsirara. Dafinta yana aiki a kan jijiyoyi. Mafi yawan cizonta yana tsayawa ne a raɗaɗi da ja da ɗan kumburi a wurin, amma wani lokaci zafin yakan hau zuwa hammata ko matsematsi, naman jiki ya riƙa ɗaurewa, ciki ya yi tauri, gumi ya yi ta zuba, har da tashin zuciya, kuma yara ƙanana da tsofaffi da masu hawan jini su ne abin ya fi wahalarwa.

Ya kamata a ajiye wannan tsoro a ma'auninsa. Kundin sunayen gizo-gizo na duniya da gidan adana tarihin halittu na birnin Bern a Suwizalan ke kula da shi ya kai nau'i 50,000 a shekarar 2022, kuma duk da cewa kusan dukkansu suna da dafin kama ƙwari, 'yan kaɗan ne ƙwarai ke iya yi wa mutum illa. Babban gizo-gizon nan mai faɗi, mai dogayen ƙafafu, wanda ke fitowa a guje idan aka ɗaga falanki har ya sa mutum ya saki kaya, kyankyasai yake farauta, kuma haɗarinsa na gaske shi ne firgitar da ke sa katako ya faɗo a kan ƙafa. Akwai wani dangi mai idanu 6, ana kiransa Loxosceles, wanda dafinsa ke iya kashe fata ya bar gyambo mai jinkirin warkewa, kuma akwai ire-irensa a Afirka, amma hotunan manyan raunuka da ke yawo a WhatsApp da Facebook da sunan cizon gizo-gizo ba abin dogaro ba ne, domin likitoci sun daɗe da lura cewa da yawa daga cikin abin da ake kawo musu da wannan suna maruru ne ko wani ciwon fata da ƙwayoyin cuta suka haddasa. Haka kuma a dazuzzukan Afirka ta Yamma akwai manyan gizo-gizo masu gashi da ke zama a kogon itace da jikin kwakwa, masu cizo mai tsananin zafi, kuma katakon da ya zo da kogo ko ragowar ɓawo yana iya ɗauko baƙo irin wannan, abin da ya sa ranar sauke tirela take buƙatar lura ta musamman.

A wannan shago, kamar sauran wurare a ƙasar Kabi, duk wani ƙurji da ya fito wa ɗan dako a wuya ko a fuska ana ɗora wa tautau ne. Na ga wani matashi a cikin masu lodi da dogon tabo ja a gefen wuyansa, ya yi ƙananan ƙuraje masu ruwa a jere, an shafe shi da toka. Da na tambaya, sai abokan aikinsa suka ce tautau ne ya yi masa fitsari yana barci a kan katako. Siffar tabon da lokacin da ya fito, wato ƙarshen damina, sun fi kama da aikin wani siririn ƙwaro mai launin baƙi da ja-ja, wanda bai kai santimita 1 ba, masana na kiransa Paederus. Yana yawaita a gonakin shinkafa da wurare masu dausayi, kuma Birnin Kebbi tana bakin fadama ne, shinkafa na kewaye da ita har zuwa Argungu. Da dare hasken lantarki yana jawo shi, shagon kuwa yana da fitilar tsaro da ke kwana a kunne daidai inda masu gadi da 'yan dako ke shimfiɗa tabarma. Ƙwaron ba ya cizo kuma ba ya harbi. Idan ya hau jikin mutum aka murje shi, ruwan cikinsa ne ke ƙona fata, ƙunar kuma ba ta bayyana sai bayan kwana 1 ko 2, lokacin da mutum ya manta da abin da ya taɓa shi. Maganin farko shi ne a hure shi ko a kaɗe shi ba tare da murjewa ba, a wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, kada kuma a kai hannun ido. Da Alhaji zai matsar da fitilar nesa da wurin kwana, da ya rage wa yaransa wannan wahala ba tare da ya kashe ko sisi ba, kuma na faɗa masa haka.

Abin da ya fi gizo-gizo haɗari a tarin katako a wannan yanki shi ne kunama da maciji. Kunama tana son ƙarƙashin katakon da ke kwance a ƙasa, musamman farkon damina, harbinta kuma yana iya yin tsanani a jikin yaro. Kububuwa kuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa da garin katako, kuma tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a yankin Arewa, domin dafinta yana hana jini daskarewa. Ɗaga kaya daga ƙasa da share ƙarƙashi da rage ɓeraye suna maganin waɗannan duka a lokaci guda, kuma a kan wannan kaɗai shagon ya cancanci ƙarin kuɗin da yake ɗorawa.

Sukata mafi girma tana kan 'yan dako. Su ne ke sauke tirela, su ne ke loda wa mai saye a motar kanta ko a-kori-kura ko amalanke, kuma duk suna aikin ne da hannu tsirara, da silifas, wasu ko riga babu. Ana biyansu ne gwargwadon abin da suka ɗauka, don haka kowa sauri yake yi, babu mai tsayawa ya bubbuga falanki ko ya leƙa ƙarƙashinsa kamar yadda babban yaron shagon ya yi. Da na yi wa Alhaji magana, amsarsa ita ce: "Malam, ai na sawo musu safar hannu, sunka ce zahi, sunka aje." Ban musa masa ba, domin duk wanda ya san zafin Birnin Kebbi daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ya san ba ƙarya suka yi ba. Amma da aka nuna mini safar, sai na ga ta roba ce, irin ta masu wanke bayi, wadda ke tara gumi, ta yi santsi, sartse kuma ya huda ta cikin sauƙi. Abin da aikin katako ke buƙata shi ne safar fata ko ta kakkauran zane mai dogon wuya, kuma a garin da dukawa ba su yi ƙaranci ba wannan ba abu ne mai wuyar samu ba. Ƙari a kan haka, an jefar da safar robar a wata kusurwa ta sito tare da tsofaffin takalma, wurin da ya fi ko'ina dacewa da zaman irin gizo-gizon da muka gani, ta yadda ranar da wani zai ɗauka ya zura hannu ba tare da kakkaɓewa ba, abin kariyar ne zai jawo masa cizon. Babu akwatin taimakon gaggawa a shagon, babu ko sabulu a kusa da randar ruwa, alhali sartse da tsohuwar ƙusa suna yi wa masu aikin rauni kusan kullum.

Suka ta biyu ita ce feshi. Duk bayan wani lokaci ana ba wani yaro famfon feshi ya bi jerin katako da fiya-fiya, ba takunkumi, ba safa, rumfar kuma cike da mutane. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya, wato dichlorvos, guba ne da ke shiga jiki ta numfashi da ta fata, kuma saboda yawan illar da yake yi ne hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a kasuwanni da manyan shaguna a shekarar 2019. Yana kashe gizo-gizon da ya taɓa kai tsaye, amma ba ya daɗewa a wurin da iska ke kaɗawa, kuma saƙar da ke lulluɓe da ƙwai tana ba su kariya, don haka bayan 'yan makonni sababbi sun fito. Yaron da ya shaƙe shi kuwa yana iya samun ciwon kai da jiri da zubar yawu da gumi da ƙuncin ƙirji. A ganina an musanya ƙaramin haɗari da wanda ya fi shi girma, alhali tsintsiya da sanda da juya tsohon jeri lokaci-lokaci suna yin aikin da ya fi wannan.

Shagon yana kuma shafa wa katakon rufi maganin gara idan mai saye ya biya, ko dai Solignum ko haɗin baƙin mai da kananzir ga wanda aljihunsa bai kai ba. Suna yin aikin da kyau, suna juya kowane katako su shafe fuskokinsa duka har da bakinsa, kuma a fili suke yi, ba a cikin rumfa ba. Ga farin katako irin obeche, wanda gara da ƙwaron da ke huda shi yana zubar da gari suke matuƙar so, wannan kuɗi ne da bai kamata a yi ƙyashinsa ba. Abin da ba sa faɗa wa mai saye shi ne guntayen katakon da aka shafa wa magani ba na girki ba ne, kuma a gidajenmu duk guntun da kafinta ya yar murhu yake nufa.

Hidimar da na fi yaba wa Alhaji a kanta ita ce riƙe kayan da aka riga aka biya. Mutane da yawa suna sayen katako ne da zarar kuɗi ya shigo hannu, saboda tsoron tashin farashi, alhali ginin bai kai linta ba. Sai a kai kayan kango a Gesse ko Badariya ko bayan gari, a zube su a ɗaki guda a ƙasa, a rufe da tsohon kwano, damina ta zo ta wuce a kansu. A nan ne haɗarin gaske yake, domin babu mai sharewa, babu mai motsawa, ciyawa ta kewaye kangon, yaran unguwa suna shiga wasa, kuma ranar da kafinta zai zo da yaransa su kwashe, hannu kawai za su zura. A wannan shago mai saye yana iya barin kayansa a kan bulo, a rubuta sunansa da fenti a bakin katakon, su ci gaba da bushewa har ranar da za a hau rufi, kuma ba a karɓar kuɗin ajiya matuƙar lokacin bai yi tsawo ainun ba. Sai dai a tabbatar an karɓi rasit mai ɗauke da adadi da iri da awo, domin ya taɓa faruwa na tarar an fitar da wasu daga cikin miƙaƙƙun da kafintana ya zaɓa an cike gurbinsu da kantararru, kuma ko da yake Alhaji ya canza su ba tare da gardama ba, rasit ɗin ne ya sauƙaƙa maganar.

Ga wanda dole ya ajiye katako a gida, tsarin shagon abin kwaikwayo ne: a ɗora a kan bulo, a saka guntaye tsakani, a nisanta da bango da ɗakin kwana. Ranar kwashewa a yi aikin da rana tsaka, a sa takalmi rufaffe da riga mai dogon hannu, a fara bubbuga tarin da sanda, a jawo kowane katako ta bakinsa, a juya shi a duba kafin a rungume shi ko a ɗora a kafaɗa. Idan cizo ya auku, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, a ɗaga gaɓar, a sha farasitamol idan zafi ya dame. Tsagawa da reza da tsotsewa da ɗaure gaɓa da igiya da zuba fetur ba sa fitar da dafi, ƙara ɓata wurin suke yi. Idan zafi ya fara yaɗuwa, ko jiki ya riƙa ɗaurewa, ko gumi ya yi yawa, ko numfashi ya yi wuya, ko kuma wurin ya yi baƙi yana faɗaɗa bayan kwanaki, to a nufi asibiti, haka nan idan yaro ne ko mai ciwon suga. A cikin gari akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya wanda mutane suka fi sani da FMC. Idan an kashe abin da ya yi cizon a tafi da shi a leda ko a ɗauki hotonsa da waya, a kuma tambayi ma'aikatan lafiya batun allurar tetanus, wadda duk mai aikin katako da ƙusa ya kamata a ce yana da ita tun kafin wani abu ya same shi. Saran maciji kuwa ba ya jiran ganin alamu, asibiti ake nufa kai tsaye.

Wanda zai yi rufin gida gaba ɗaya, ko yake son busasshen jan katako na ƙofa, ko yake buƙatar inda zai bar kayansa har gini ya iso, zai ji daɗin wannan shago, kuma abin da ya ƙara a farashi zai dawo masa ta ƙarancin katakon da kafinta zai ƙi. Mai neman guda biyu ko uku na gyaran benci zai fi samun sauƙi da sakin fuska a ƙananan rumfunan da ke bakin hanya, domin Alhaji ba ya barin lissafin tirela ya saurari ƙaramin ciniki, yaransa ma sukan bar irin wannan mai saye a tsaye. Kuɗin mota da na 'yan dako ba ya cikin farashin kaya, kuma gara a yanke shi tun kafin a fara lodi, saboda da zarar katako ya hau mota bakin direba yakan canza. An fi samun natsuwar zaɓe da safe kafin injin gogewa ya tashi ƙura ta cika rumfar, kuma idan zaɓen ya kai ga jerin ƙurya, a nemi babban yaron shagon ya zo da sandarsa.